Tsohuwar Mota Dukiya Ce, Kuma Tarihi Ce: Kira Ga Mutanen Birnin Gwari

Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Birnin Gwari, na cikin gari da na ƙauyuka, da direbobin da ke sauraronmu a kan hanya, da kanikawan da suka kunna rediyo a gareji hannuwansu duk baƙin mai.

Batunmu na yau tsofaffin motoci ne, da yadda ake cinikinsu da musayarsu tsakanin mutanen da ke tara su don sha'awa. Wataƙila wani ya ce, ana ta kuɗin taki da tsadar mai, wa ke ta tsohuwar mota? To, ina roƙon a ba ni aron hankali. A bayan gidajenmu da cikin garejojinmu akwai motocin da suka yi wa ƙasar nan bauta shekara 30, wasu shekara 40, yau kuma ana yanka su da wutar walda ana ɗora su a sikeli. Wasunsu sun kai a yanka, babu musu. Amma wasu darajarsu ta wuce ta sikeli, masu su ne ba su sani ba. Don mu gane bambancin, bari mu fara leƙa ƙasar da wannan ciniki ya fi bunƙasa, wato Amurka.

A shekarar 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki wata matsakaiciyar mota ya dasa mata ƙaton inji mai silinda 8 da faɗin lita 6.4, ya raɗa mata suna GTO. A watan Afrilu na wannan shekara kamfanin Ford ya fito da Mustang, kuma kafin shekara ta zagayo ya sayar da sama da 400,000. Nan da nan sauran kamfanoni suka shiga tseren. Chevrolet ya kawo Camaro, Dodge ya kawo Charger, Plymouth ya kawo Barracuda da Road Runner. Motoci ne masu ƙofa biyu, masu rugugi, masu zuƙar mai, an yi su don matasa, farashinsu kuma bai fi ƙarfin ma'aikaci ba. Injin Fijo 504 da muka sani silinda 4 gare shi, faɗinsa bai wuce lita 2 ba. Wasu daga cikin waɗancan sun kai lita 7.

Zamaninsu bai daɗe ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala wa matasa kuɗi saboda yawan haɗari. A 1970 gwamnatin Amurka ta tsaurara dokar hayaƙin mota. Sai kuma ga Oktoban 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai saboda yaƙinsu da Isra'ila, farashi ya tashi, layi ya cika gidajen mai. Motar da jiya ake alfahari da ita ta zama kaya. Aka riƙa sayar da su a wulaƙance, da yawa suka ƙare a hannun masu narka ƙarfe, wasu aka tura su rumbun ajiya a gona aka manta da su.

Da shekaru suka ja, yaran da suka taso suna kallon waɗannan motoci ba su da kuɗin saya suka zama manya masu abin hannu, suka fita neman abin da ya burge su a ƙuruciya. Sai aka tarar saura kaɗan. Masu nema sun yi yawa, kaya ya yi ƙaranci, kowa kuwa ya san abin da hakan ke yi wa farashi. A 2014, a birnin Seattle, an sayar da wata Plymouth Hemi Cuda mai buɗaɗɗen rufi ƙirar 1971 a kan dala miliyan 3.5, domin irinta da aka ƙera a wannan shekara ba su wuce 12 ba. A Janairun 2020, a Kissimmee ta jihar Florida, kamfanin gwanjo na Mecum ya sayar da wata koriyar Mustang ƙirar 1968 a kan dala miliyan 3.74. Wannan ita ce motar da ɗan wasa Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt. Gida ɗaya ne ya riƙe ta tun 1974. A 1977 McQueen da kansa ya rubuto wasiƙa yana neman a sayar masa, mai ita ya ƙi. Ranar da aka fito da ita gwanjo, fentinta ya dusashe, ga tsatsa, ga lotsawa, ba a gyara mata jiki ba. Da an yi mata sabon fenti, da an rage mata kuɗi.

Mai sauraro, tsaya a nan ka yi tunani, domin nan ne darasin yake. A wannan kasuwa ƙyalli ba shi ne kan gaba ba. Abu uku ake saya: asali, da takarda, da tarihi.

Asali shi ne mota ta kasance da injin da ta fito da shi daga masana'anta, da giyabos ɗinta, da launin fentinta na farko. Mai saye yana zuwa da tocila, ya kwanta a ƙarƙashin mota ya karanta lambar da aka buga a jikin inji, ya gwada ta da lambar shasi. Kamar dai yadda mai sayen doki a kasuwa ba ya tsayawa kan adon sirdi, sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Idan lambobi sun dace, kuɗi ya hau. Idan an taɓa canza inji, ko da wanda aka sa ya fi na da lafiya, kuɗi ya sauka.

Takarda kuwa ita ce mai tsare asali, domin inda kuɗi ya yi yawa ha'inci ba ya nisa. Akwai masu ɗaukar Pontiac LeMans, wadda jikinta ɗaya da GTO, su manna mata tambarin GTO su kai ta kasuwa. Shi ya sa masu saye ke neman rasiɗin farko, da takardar masana'anta mai nuna ranar da aka ƙera motar da kayan da aka sa mata. Har akwai ofisoshin da aikinsu ke nan, ka ba su lambar shasi su binciko maka tsohon kundin kamfani.

Tarihi shi ne sanin wa ya mallake ta, ina ta je, me aka yi da ita. Shi ne ya raba waccan koriyar Mustang da dubban 'yan'uwanta.

Ba kuma duk cinikin ake yi a zauren gwanjo ba. Kowace Oktoba, a garin Hershey na jihar Pennsylvania, dubban mutane ke haɗuwa a fili su baje tsofaffin motoci da kayan gyaransu. Wani ya zo da fitila yana neman kafireta, wani ya zo da mota yana neman wata ya ba da ciko. A irin wannan musaya sunan mutum shi ne jarinsa. Wanda ya ɓoye aibi sau ɗaya, labari ya zagaya, ba mai sake taya kayansa.

To, mu dawo gida. Dogayen motocin Amurka irin su Chevrolet da Pontiac sun shigo Arewa a hannun sarakuna da ministoci da manyan attajirai, wajen lokacin samun 'yancin kai. Amma motocin da suka shiga jinin talaka daban ne. Akwai Landiroba ta ma'aikatan gona da na daji da na asibitin dabbobi. Akwai Bedford da Marsandi 911 masu bodin katako, waɗanda aka ƙawata da zane da rubutu, suna ɗaukar hatsi da shanu da mutane. Akwai Boksuwaja da aka fara harhaɗawa a Legas a 1975. Sama da duka akwai Fijo.

An kafa kamfanin Peugeot, wato Fijo, na Najeriya a 1972, masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna ta fara fitar da motoci a 1975. Ya zo daidai da lokacin da ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, malamin makaranta da akawu suka fara mafarkin mota. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta mayar da 504 motar hukuma, tun daga manyan jami'ai har ƙasa. Ita wannan 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Faransa ta daina yin ta tun tuni, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har wajen 2006. Ke nan motocin 504 na ƙarshe-ƙarshe a duniya, hannun 'ya'yan jihar nan ne ya ɗaure su. Wannan abin alfahari ne da ya kamata kowane ɗan Kaduna ya sani.

Ina kuma aka gwada ƙarfin waɗannan motoci in ba a hanyar Birnin Gwari ba? Kafin hanyar Abuja ta karɓe ragama, wanda ya taso daga Legas zuwa Kaduna ko Kano, ta Ilori da Jebba da Mokwa zai biyo, ya ratsa Tegina da Kagara da Pandogari, ya yada zango a Birnin Gwari. Daga nan ko dai ya miƙe ta Udawa da Buruku, tafiyar kimanin kilomita 120 zuwa Kaduna, ko ya karkata arewa ya nufi Funtuwa. Garin ya rayu da wannan hanya. Masu abinci, da masu shayi, da masu faci, da 'yan kamasho, da kanikawa, duk a bakin titi suka samu na kansu. A-kori-kura ta shiga ƙauyuka ta fito da masara da dawa. Manyan motoci suka shiga daji suka fito da katako. Dajin Kamuku kansa, wanda hukumar gargajiya ta keɓe tun 1936 aka kuma ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999, da Landiroba ma'aikatansa suka san lungunansa.

Abin da ya biyo baya ba sai na tsawaita ba, domin masu sauraro sun fi ni saninsa. 'Yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku da Kuyambana. Hanya ta zama abin tsoro, matafiya suka koma jiran rakiyar sojoji. An kashe direbobi, an sace fasinjoji, an ƙona motoci. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako, ta hana saran itace, aka katse layukan waya na wani lokaci. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Rai shi ne babbar asara, babu abin da za a jera da shi.

Amma a cikin waɗannan shekaru an yi wata asarar da ba a lissafa ba. Mutumin da aka sace masa ɗa yana neman kuɗin fansa, ba ya tsayawa taya. Wanda ya gudo daga ƙauye ya bar gonarsa, abin da ya rage a hannunsa shi zai sayar ya ciyar da iyali. Motar da ta daina fita saboda hanya ta mutu, tayoyinta suka sace, kaji suka mayar da ita akurki, rana ɗaya ɗan gwangwan ya zo ya yi tayi. Mota 504 ba ta wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. A kan wannan nauyi za a yi lissafi, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a loda zuwa kamfanin narka ƙarfe. Ba na zargin wanda ya sayar don dole, ba na kuma zargin ɗan gwangwan, sana'arsa yake yi, kuma sana'a ce mai amfani. Abin da nake cewa shi ne, yanzu da aka fara samun sauƙi, tun bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamban 2024, ya kamata abin da ya tsira mu dube shi da idon basira.

Kada kuma a fahimce ni a karkace. Ban ce duk mai tsohuwar Fijo ya taka arziki ba. An ƙera 504 sama da miliyan 3 a duniya, don haka ba za ta taɓa yin kuɗin motar da aka yi guda 12 ba. Duk wanda ya zo maka da labarin wani Bature da zai biya miliyoyin daloli, amma sai ka fara ba da kuɗin rajista ko na fito, ɗan damfara ne, ka rufe ƙofarka. Abin da nake faɗa ya fi wannan sauƙi. Tsohuwar mota mai cikakken jiki tana da masu nema iri uku da suka fi sikeli biya. Akwai mai son ya gyara ya hau, ko don ƙauna ko don aiki. Akwai mai neman kayan gyara na asali da aka daina yi, kuma duk wanda ya san Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san fitila ɗaya ko gilashi ɗaya na asali yana iya fin kuɗin ƙarfe mai yawa. Akwai kuma masu shirya fim da masu biki da ke hayar tsohuwar mota. A waje ma ƙofa a buɗe take: dokar Amurka ta yarda a shigar da motar da ta kai shekara 25 ba tare da an bi ƙa'idojin sababbin motoci ba, abin da ya sa tsofaffin Landiroba da Land Cruiser ke samun masu saye daga nesa, musamman tun da aka daina ƙera tsohuwar Defender a Janairun 2016.

To, idan Allah ya sa kana da irin wannan mota, ko za ka sayar, ko za ka yi musaya, ga abin da nake ba ka shawara.

Da farko, ka tabbatar taka ce kai kaɗai. Yawancin tsofaffin motocinmu na marigayi ne. Motar gado haƙƙin magada ce baki ɗaya, har da mata da marayu. Babban wa ba shi da ikon kiran mai saye don kawai makulli yana hannunsa. A zauna, a yi mata kuɗi, kowa ya yarda.

Na biyu, ka tattara takardu kafin ka nemi dillali. Rasiɗin saye, takardar kwastan, tsofaffin lasisi, littafin da kamfani ya bayar, tsohuwar lambar mota ta kafin canjin 1992, hoton mahaifinka a tsaye a jikinta ranar da ya sayo. Rasiɗin da aka rubuta da fam da sule ya nuna an saye ta kafin naira ta fito a Janairun 1973. Sitiyari a hannun dama yana iya zama alamar ta riga ranar 2 ga Afrilu, 1972, ranar da Najeriya ta canza hannun tuƙi. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne bakin motar, su ke ba da labarinta.

Na uku, kada ka yi gaggawar kai ta wurin mai fenti. Mu a nan mun saba cewa in za a sayar da mota sai an wanke ta da sabon launi. Ga mai neman tsohuwar mota, sabon fenti tambaya yake jawowa: me aka rufe? Ka wanke ta, ka ɗaga ta daga ƙasa a kan duwatsu ko katako, ka rufe ta daga ruwan sama, ka bar ta yadda take. Idan an taɓa cire wani abu na asali, ko ya lalace, kada ka yar, ka ajiye shi a but.

Na huɗu, idan musaya ce, kowace mota a yi mata kuɗinta daban, a gaban bakaniken da ba na ɗayanku ba, sannan a san wa zai ba da ciko, nawa ne. A yi hannu da hannu. In kuwa wani abu zai zama bashi, a rubuta, a kafa shaidu, kamar yadda Alƙur'ani ya umarce mu. A faɗi la'adar dillali tun kafin a ce an sallama. Bayan haka a je a canza sunan mallaka a hukumance, domin motar da ke yawo da sunanka alhali ta bar hannunka, duk abin da aka aikata da ita ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Na biyar, kuma wannan ya shafi yankinmu fiye da ko'ina, kada ka sayi motar da ba ta da asali don ta yi araha. An ƙwace motoci da yawa a wannan hanya. Ka duba lambar shasi da idonka, ka ga ko an goge ta ko an sake bugawa. Ka kai lambar wurin 'yan sanda da ofishin lasisi a bincika. Mai sayen kayan sata abokin ɓarawo ne, kuma kuɗinsa yana komawa daji ya zama harsashi.

Na shida, ka faɗi aibi. Idan inji ba nata ba ne, ka faɗa. Idan ta taɓa faɗuwa an miƙe shasi, ka faɗa. Idan tsatsa ta ci ƙasanta an lulluɓe da kafet, ɗaga kafet ɗin ka nuna. Addininmu ya hana algus, ya hana mutum ya sa abokinsa ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don kawai a ruɗi mai saye na gaskiya. Haka shi ma mai saye da ya san darajar abu, bai dace ya sami gwauruwa ko maraya cikin matsi ya ce musu wannan ai bola ce ba. Abin da masu tara motoci a Amurka suka gano bayan an sha cutar su, cewa kasuwa ba ta tsayawa sai da amana, mu an karantar da mu shi tun a makarantar allo.

Yanzu bari in juya ga kanikawanmu, domin ba tare da su ba duk wannan magana iska ce. A ƙasar Kyuba, bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba mata, kayan gyara suka daina shiga. Kanikawan Havana suka riƙe tsofaffin Chevrolet da Ford da dabara, suna ƙera abin da babu, suna dasa injin wata motar a wata. Yau waɗannan motoci suna ɗaukar masu yawon buɗe ido, suna ciyar da gidaje. Irin wannan basira muna da ita. Akwai dattijan da ke jin ƙarar injin Fijo daga nesa su gaya maka ciwonta. Akwai kafintocin da suka san yadda ake ɗaura bodin katako a kan shasi, da masu zanen da suka ƙawata shi. Yaran da ke koyon aiki yau na'urar kwamfuta suke jonawa a mota, kuma hakan daidai ne, zamaninsu ke nan. Amma in dattijon nan ya tafi ba wanda ya karɓi iliminsa, ko an ajiye motar ba mai tayar da ita. Ina kira ga ƙungiyar kanikawa ta NATA, kowane babban gareji ya samu yaro ko da ɗaya ne da zai zauna da tsofaffi ya koyi aikin kafireta da tsohon giya.

Akwai kuma motocin da bai kamata a sayar ba ko nawa aka taya. Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Onikan a Legas ya tsaya gaban baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ya ga ramukan harsashi da idonsa, ya san ƙarfe yana iya riƙe tarihi fiye da dogon jawabi. Birnin Gwari ma tana da labarin da ya cancanci a riƙe. Yaron da aka haifa a shekarun tashin hankali bai san garinsu ya taɓa zama zangon da motocin Kudu da Arewa ke kwana ba. Abin da ya sani shingen sojoji ne da labarin daji. Yana da haƙƙin ya ga shaidar cewa kakanninsa sun yi fatauci, sun yi tuƙi, sun yi arziki da guminsu a wannan hanya.

Saboda haka ina miƙa roƙo ga Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, da majalisarsa, da ƙaramar hukuma, da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motocin haya ta NARTO. A samu rumfa ɗaya mai rufin kwano a wuri mai tsaro. A nemi mota ɗaya mai bodin katako, da a-kori-kura ɗaya, da Landiroba ɗaya, da Fijo ɗaya ƙirar Kaduna, daga cikin waɗanda suka yi aiki a ƙasar nan. A biya masu su haƙƙinsu, ko a karɓa aro da sunansu a rubuce a jiki. A sa ɗalibai su zauna da tsofaffin direbobi da yaran mota su naɗi muryoyinsu tun suna raye. Gidan tarihi na Kaduna da Gidan Arewa suna da masanan da za su nuna yadda ake adanawa. Wannan aiki bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba, amma in an bari shekara 10 ta wuce, ko an samu kuɗin ba za a samu motocin ba.

Ga gwamnatin jiha da ta tarayya kuma, maganar ɗaya ce: a gyara hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari zuwa Tegina, a tsare ta dare da rana. Ba mai sayen tsohuwar mota, ba mai sayen masara, ba mai sayen sa, da zai zo garin da yake tsoron hanyarsa.

Kai kuma mai sauraro, in akwai tsohuwar mota a gidanku, kafin ka kira mai sikeli, ka kira bakanike dattijo ya duba ta, ka nemo takardunta, ka tambayi 'yan'uwanka, ka ji tayin mutum biyu ko uku. In bayan haka ta tabbata ƙarfe ce kawai, ka sayar, Allah ya sa albarka. In kuwa ta wuce haka, ka riƙe ta, ko ka sayar wa wanda zai raya ta a kan farashin da ya dace.

A nan za mu dasa aya. Allah ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, ya kiyaye matafiya, ya sa albarka a kasuwancinmu.